Shekarar da Na Ƙi Goge Ige

Ban faɗi jarrabawa ba. Tun daga ajin yaƙi da jahilci har ranar da aka miƙa mani takardar shaida, ban taɓa faɗuwa ba ko sau ɗaya. Amma shekara da shekaru ina jin ku, ke Murja da kai Nasiru, kuna gaya wa 'ya'yanku wai Inna ta maimaita shekara a makarantar lafiya don lissafi ya kayar da ita. Ran sunan ɗan autanku Bashar har dariya kuka yi a tsakar gida, ina ɗaki ina jin ku. Ban tanka ba don akwai baƙi. To yanzu babu baƙi, daga ni sai biro, kuma za ku ji yadda aka yi. Shekarar nan ni na ajiye ta da hannuna, ba wanda ya ƙwace mani ita.

Kun san na shiga aji ne bayan na yaye autanku, furfura ta riga ta fara leƙowa. Ba zan ɓata takarda wajen lissafa makarantu ba. Abin da ya kamata ku sani shi ne a shekarar ƙarshe ta koyon aikin lafiya a Sakkwato, kowane ɗalibi sai ya yi bincike nasa, ya rubuta shi babi-babi, a ɗinke kamar littafi. 'Yan ajinmu, waɗanda duk na haife su, kowa ya je ya ɗauko tsohon aikin wani ya sake masa riga. Ni kuwa ina da tambaya tawa, wadda ta daɗe tana ci mani rai. Idan naƙuda ta yi gardama, matar da mijinta ke gida da matar da mijinta ya tafi cin rani, wacce ake saurin kaiwa asibiti? Kowa a Wurno zai ce maka ya san amsar. Ni so nake a rubuta ta, ta yadda mai ofis ba zai ce zancen mata ne ba.

Laifina ɗaya, kuma ba zan ɓoye shi ba. A babi na uku, inda ake faɗin irin gwajin lissafin da za a yi don kwatanta rukuni biyu, ni ma kwafa na yi. Na ga kowa ya rubuta ti-tes, na rubuta ti-tes, ban san ko dabba ce ko tsuntsu ba. Malamin da ke duba aikina ya sa hannu, kwamitin sashe ya buga hatimi, na ɗauki jakata na shiga ƙauyuka.

A Rara na fara. Takardar tambayoyina ta ce in tambayi mace awa nawa ta yi tana naƙuda kafin a ɗauke ta. Yarinyar farko da na tambaya, tana zaune tana ba jariri nono, ta dube ni kamar na yi mata Turanci.

"Awa? Haba Inna, wa ka duban agogo cikin naƙuda?"

Na ce, "To mi kika iya tunawa?"

Ta ce, "Ya tashi mani bayan azahar. Anka kira la'asar ina ɗaki, anka kira magariba ina ɗaki. Sai da anka kira isha'i sannan babur ya zo."

Nan take na ja layi a kan kalmar awa, na rubuta kiran salla uku. Daga ranar ban sake tambayar kowa agogo ba. Kiran salla nawa ya wuce ki? Wannan kowace mace ta sani, domin wadda ke durƙushe tana jin muryar ladan ba ta mantawa. Na bi Rara, na bi Lahodu, na haura Giyawa, lokacin hanya ba ta zama abin tsoro kamar yanzu ba. Babanku, Allah ya jiƙansa, shi ke ɗaukata a babur, ya ajiye ni ƙofar gida, ya nemi inuwa ya zauna da maza suna zancen albasa. Bai taɓa tambayata abin da nake rubutawa ba, ni ma ban taɓa gaya masa ba. Matan da na samu ba su da yawa, domin ba kowane gida ake buɗe wa mai takarda baki ba. Yawancinsu kira ɗaya ne, biyu, uku, wasu biyar.

Sai Ige. A wata 'yar ruga take bayan Giyawa, inda babur ke tsayawa a ƙarasa da ƙafa ta hanyar jakuna. Na tarar da ita a bayan ɗaki ita kaɗai, a kan wata tabarma da ba wanda ke hawa sai ita. Da ta gan ni sai ta ja jiki baya, ta ce in zauna can bisa turmi. Tun kafin in ƙaraso hancina ya gaya mani dalili, domin na san yoyon fitsari. Na cire takalmi na zauna a tabarmar. Ta daɗe tana kallon ƙafafuna kafin ta yi magana. Mijinta yana Kurmi, can kudu, wajen cin rani lokacin da abin ya zo. Surukinta ya ce ba ya fitar da matar ɗansa sai da izinin ɗan, waya kuwa ba ta kamawa sai an hau tudu, in an hau ma ba a samunsa. Aka ba ta rubutu, aka ba ta jiƙo, unguwarzoma ta yi iya yinta. Sai a rana ta uku wani ƙanen uwarta ya zo ya ɗora ta a amalanke, bai tambayi kowa ba. Ɗan bai zo da rai ba.

Na ce, "Ɗiyata, kin iya tuna kiran salla nawa?"

Ta ce, "Goma sha huɗu."

"Kin tabbata? Ko dai kusan haka?"

"Inna, ba ni da wani aiki sai ƙidaya. Ki rubuta daidai. Tunda abin ga ya faru, kowa tambayata shikai mi ni ci, mi ni sha. Ba wanda ya taɓa tambayata nawa ne."

Na rubuta. Ta ce in nuna mata, na nuna mata, ko da yake ba ta karatu. Ta sa yatsa a kan lambar ta ɗan danna, sannan ta tashi ta damo mani fura, na sha.

Ranar Alhamis ce ranar ƙarshe ta miƙa aiki. Ran Litinin na kai lambobina wurin wani mai kwamfuta a bakin ƙofar makaranta, wanda ɗalibai ke kira Injiniya, shi ke juya wa kowa lissafi. Ya shigar da su, ya danna, ya karkata kai.

"Hajiya, lambobin nan naki ba su zauna ba. Duk sun taru a ƙasa, sai guda ɗaya ta tafi can ita kaɗai kamar ɓataccen raƙumi. Ita ke ɓata maki komai. Bari in cire ta, gwajin ya fito fes, gobe ki zo ki karɓi littafinki a ɗinke."

Na ce, "Wace ce za ka cire?"

"Wannan, lamba ta ashirin da uku. Goma sha huɗu. Kowa haka yake yi, Hajiya, ba wanda zai duba."

Ya riga ya shafa wa layin shuɗi, yatsansa na kan maɓalli. Na buga teburin da tafin hannu har kofin shayinsa ya yi tsalle.

"Ɗauke hannunka! Wagga da kake gani sunanta Ige, kuma na sha furarta."

Ya ce Allah ya ba ni haƙuri, shi lamba ya gani. Ban zage shi ba, domin gaskiya ya faɗa, lamba ya gani. Na kwashe takarduna na fita ban san inda zan nufa ba.

Ran Talata da hantsi na je wurin Malama Rifkatu. Ita ta koya mana ƙididdiga a shekara ta biyu, Kirista ce daga wajen Zuru, siririya, ba ta dariya a aji. Ban ƙaunace ta ba a lokacin, don ta taɓa mayar mani da aiki sau uku. Amma na lura ita kaɗai ce in ta ce ba daidai ba, takan faɗi dalili. Na same ta a ofis tana ɓare gyaɗa a kan tsohuwar jarida. Na zube mata komai, har da buga tebur. Ta karɓi takardun ta daɗe tana dubawa.

"Mama, wa ya ba ki dabarar ƙidaya da kiran salla?"

"Matan sunka ba ni."

"To bari in tambaye ki. Daga asuba zuwa azahar, da daga magariba zuwa isha'i, tsawonsu ɗaya ne?"

Na ce, "Ke da ba ki salla ma kin san ba ɗaya ba ne."

Sai ta yi dariya, karo na farko da na ga haƙoranta. "Ladan ne maƙwabcina, Mama, shi ke tashina kullum. To kin ga, ke da bakinki kin faɗi abin da ya hana ki yin ti-tes. Shi wannan gwajin yana tara lambobi ne ya raba, ya fitar da matsakaici na kowane rukuni. Kafin a yi haka sai taki ya zama ɗaya, kamar awo a sikeli, inda daga kilo biyu zuwa uku daidai yake da daga uku zuwa huɗu. Naki takin wani dogo ne, wani gajere. Abin da lambobinki suka sani tabbas shi ne wa ta fi wa daɗewa."

Ta share jaridar, ta tara ɓararriyar gyaɗa tsibi guda. Ta ce in dubi yadda tsibin ya yi tudu a tsakiya ya gangaro dama da hagu daidai, kamar tsibin gero a masussuka. Ta ce da nauyin jarirai na auna, masu yawa, suka taru haka, to ti-tes ne gwanin wurin, ya fi kowane gwaji kaifin ido, kuma ita da kanta za ta hana ni barinsa. Sannan ta tura tsibin gefe guda da bayan hannu, ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta ajiye can ƙarshen tebur. Ta ce ga nawa. Mutane kaɗan, sun jingina gefe ɗaya, ga guda ta yi nisa, ga taki ba daidai ba. Ta ce ko biyu daga cikin waɗannan aka samu ya isa mutum ya tsaya ya yi tunani, ni kuwa na haɗa duka.

Na ce, "To sai a yar da ita ke nan?"

"In kuskuren biro ne, a gyara. Kuskure ne?"

"Bisa tabarmarta na zauna."

"To ba ki da ikon cire ta. Akwai wani gwajin, wanda bai damu da siffar tsibi ba. Jeri yake bi."

Ta ware gyaɗa mai ɓawo ta ce su ne matan da mazansu ke gida, ɓararriya kuma matan masu cin rani. Ta sa ni na jera su layi ɗaya a kan teburin, duka a haɗe, daga wadda aka fi saurin ɗauka har zuwa wadda ta fi daɗewa, kamar mata a layin awo. Kowace ta karɓi lambar wurin da ta tsaya, ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Inda biyu suka yi kunnen doki sai a raba masu wurin. Daga nan sai a duba, ɓararrun nan sun watsu ko'ina cikin layin ne, ko sun taru a baya? In sun taru a baya fiye da yadda sa'a kaɗai za ta iya tara su, to akwai magana. Na ɗauki ƙwayar nan ta ƙarshen tebur na rasa inda zan sa ta. Malama ta kama hannuna ta kawo shi daidai bayan ta ƙarshe.

"Nan ne wurinta. Ko goma sha huɗu ce ko arba'in, ita ce ta ƙarshe, shi ke nan. Ba ta jan kowa, ba a kuma kore ta ba."

Ku yi mani uzuri, 'ya'yana. Ni da ban yi kuka ba ranar da aka yi mani dariya a ajin farko don na riƙe fensir kamar muciya, sai ga ni ina share hawaye da bakin mayafi a kan gyaɗa. Malama ta yi kamar ba ta gani ba, ta ci gaba da ɓara. Can ta ce akwai abu biyu da ba za ta ɓoye mani ba. Na farko, kada in ɗauka wannan gwajin zai ba ni amsar da nake so. Mai yiwuwa shi ma ya ce bai ga bambanci ba, kuma in ya faɗi haka, haka zan rubuta, domin ba a zaɓen gwaji don daɗin amsarsa, ana zaɓensa ne don ya dace da irin abin da aka auna. Na biyu, babi na uku yana ɗauke da hatimi. Sauya gwaji sai kwamiti ya sake zama, kwamiti kuwa ba zai zauna ba sai zango mai zuwa.

Na je wurin malamin da ke duba aikina. Mutumin kirki ne, har ya tashi ya ba ni kujerarsa. Ya ce shi ba ya hana ni, amma in tuna ƙaramar hukuma na ɗaukar ma'aikatan lafiya a wannan shekarar, kuma shekaruna sun zo daidai bakin iyaka. In na bari sai baɗi, ƙofar ta rufe ke nan. Bai yi ƙarya ba. Ta rufe, kuma ba ta sake buɗewa ba. Shi ya sa duk shekarun da kuka gan ni a ɗakin shan magani, da sunan 'yar sa-kai kuka gan ni, ba ni da lambar ma'aikaci, ba ni da fansho. Wannan shi ne kuɗin abin, kuma na san shi tun kafin in biya.

Na hau mota na dawo Wurno bayan la'asar. Ke Murja, kina tankaɗe a tsakar gida, watanni kaɗan kafin bikinki. Babanku na zaune bakin rumbu yana gyaran igiyar jaki. Na ba ku labari a taƙaice, na ɗebo wake da masara na jera maku a faifai yadda Malama ta yi, masarar ce matan masu cin rani. Kin tuna abin da kika ce? Ni na tuna.

"Inna, don Allah! Shekara nawa kina wahala? Mace guda ce fa. Ita kanta ba ta sanin an cire ta."

Ban ji haushinki ba. Tausayina kike ji, kuma ke kika sha wankin kwanoni duk shekarun da nake aji. Kika ɗauki garinki kika shiga madafa kina gunaguni. Babanku ya jira sai da kika shige. Ya ajiye igiyar, ya matso, ya daɗe yana kallon faifan.

"Kulu, waɗanga na baya, mazansu duk sun tahi cin rani?"

"Mafi yawa."

"Ashe abin da kike bi gida-gida kina tambaya ke nan, ni ina waje ina zancen albasa."

Akwai abin da ba ku sani ba, yau za ku sani. Tsakanin Nasiru da Murja akwai namiji. Babanku yana Kurmi a ranin nan, ni ina ɗakin uwarsa, ba wanda ya yarda ya ɗauki nauyin fitar da ni. Ya dawo da damina ya tarar da kabari ƙarami, aka ce masa Allah bai yi ba, ya ce Allah ya sa mai ceto ne. Shekara ashirin da wani abu ba mu taɓa buɗe zancen ba, ba don gaba ba, sai don kowa na jin nauyin kowa. Ranar nan ya sa yatsa a bakin faifan, bai ɗago kai ba.

"Ke nawa ne?"

"Tara."

Ya maimaita a hankali, kamar mai jan tasbaha. Ya ɗauki ƙwayar masara ɗaya daga ƙasa, ya hure mata ƙura, ya nemi wuri kusa da ta ƙarshe ya ajiye.

"Ba wanda ya gaya mani."

"Ba ka tambaya ba, Malam. Ni ma ban faɗa ba."

"Da na sani da ban tahi ba."

"Da ba ka tahi ba da mi munka ci?"

Aka kira magariba. Ya tashi ya ɗauki buta, ya kai bakin zaure sannan ya juyo.

"Aikin gwamnati dai, Allah na ba wanda ya so. Amma kada ki bari a taɓa yarinyar nan."

Ba izininsa nake jira ba, kun san ni. Na riga na yanke tun a mota. Amma na ji daɗi da ba ni kaɗai na ɗauka ba.

Da gari ya waye, kafin in gama ɗaura zane ya riga ya fitar da babur ya goge sirdin. Ya kai ni tasha, ya tsaya har motar ta cika. Ina isa makaranta na yagi takarda daga littafina na rubuta wa shugaban sashe layi huɗu, cewa ni Kulu ina neman a ba ni dama in sauya gwajin da ke babi na uku zuwa gwajin jeri, domin abin da na auna jeri ne, mutanena kaɗan ne, kuma ba zan cire kowa ba. Magatakardan ofis ya karanta, ya dube ni ta saman tabarau.

"Hajiya, kin san gobe a ka rufewa? In na karɓi wagga, sai baɗi fa."

Na ce, "Na iya karatu, ɗana. Buga hatimi."